Ƙara RAM da ma'ajiyar kwamfutar tafi-da-gidanka domin tace bidiyo

Ƙara RAM da ma'ajiyar kwamfutar tafi-da-gidanka domin tace bidiyo shi ne sauya ko ƙara sassa biyu na cikin kwamfuta, wato ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM da kuma ma'ajiyar da fayiloli ke zama a cikinta, domin manhajar tace bidiyo ta yi aiki ba tare da tsaiko ba. A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka waɗannan sassa biyu ne kaɗai ake iya sauyawa, domin furosesa da injin sarrafa hoto a liƙe suke a jikin babban allo. Shi ya sa aikin ya zama hanya mafi arha ta ƙara wa tsohuwar kwamfuta ƙarfi, musamman a Kano inda masu tace finafinai da tallace-tallace da dama ke aiki da kwamfutocin hannu. Sai dai ƙarin yana magance wasu matsaloli ne kawai, kuma ba kowace kwamfuta ce ke karɓarsa ba.

Kalmar "tacewa" a wannan maƙala tana nufin yanka bidiyo da jera shi da gyara sauti da launi. Ba ta nufin aikin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda ke duba fim kafin a sake shi.

## Asali

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fitar da faifan ajiya mai juyawa na farko a shekarar 1956, wanda ke ɗaukar haruffa kimanin miliyan 5. Robert Dennard, shi ma ma'aikacin IBM, ya ƙirƙiro irin ƙwaƙwalwar da RAM na yau ke amfani da ita, ya kuma sami lasisin mallakarta a 1968. Ma'ajiyar filash, wadda SSD ya ginu a kanta, Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980. Tace bidiyo a kan kwamfuta ya fara yaɗuwa da fitowar Avid Media Composer a 1989, da Adobe Premiere a 1991, da Final Cut Pro a 1999.

A Kano, ana ɗaukar Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na masana'antar da daga baya aka yi wa laƙabi da Kannywood. A zamanin kaset ana tace hoto ne ta hanyar kwafe shi daga na'ura zuwa na'ura, fitowa bayan fitowa. Da kaset ɗin MiniDV ya shigo sai aka koma loda hoton cikin kwamfuta, inda awa ɗaya ke cin kimanin GB 13. Daga nan aka koma kyamarori masu ɗauka a kan kati, hoton ya tashi zuwa HD sannan 4K. Kafuwar tashar Arewa24 a 2014 da bunƙasar shirye-shirye masu dogon zango a YouTube, irin su Labarina da Izzar So da suka fara a 2020, sun sauya tsarin aikin: mai tacewa yanzu yana da kashin da dole ya fita kowane mako, don haka jinkirin kwamfuta ya zama asarar kuɗi da ta masu kallo.

## Abin da bidiyo ke buƙata daga kwamfuta

Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, kuma a tsarin talabijin na Najeriya hotuna 25 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Hoto ɗaya na cikakken HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato 2,073,600. Na 4K yana da 3840 da 2160, wato 8,294,400, ninki huɗu ke nan. Idan aka warware hoton 4K guda ɗaya yana cin kusan MB 25, don haka daƙiƙa ɗaya ta haura MB 600.

Saboda wannan nauyi ne kyamarori da wayoyi ke matse bidiyo da tsarin H.264 ko H.265 kafin su ajiye shi. Lokacin tacewa, ma'ajiya ce ke miƙo fayil ɗin, furosesa ko injin hoto ya warware shi, RAM kuma ya riƙe hotunan da aka warware tare da sauti da rubutu da sauran abin da ke kan layin tacewa. Duk wanda ya fi rauni cikin ukun shi ne ke ƙayyade saurin aikin baki ɗaya.

## RAM

RAM wuri ne na wucin-gadi da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kansa a yanzu, kuma duk abin da ke ciki yana gogewa da an kashe ta. Idan ya cika, Windows takan ari wani ɓangare na ma'ajiya ta yi amfani da shi a madadinsa. Da yake ma'ajiya ba ta kai RAM sauri ko kusa ba, a nan ne hoto ke fara tsalle, manhaja ta sanƙare, wani lokaci ma ta rufe kanta da aikin da ba a adana ba.

### Nau'o'i

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana amfani da gajeren katin RAM mai suna SO-DIMM. Ƙungiyar JEDEC ce ke tsara ƙa'idojinsa, kuma nau'i uku ne ake samu a kasuwa.

| Nau'i | Shekarar fitowa | Yawan haƙora | Ƙarfin wuta |
|---|---|---|---|
| DDR3 | 2007 | 204 | 1.5V |
| DDR3L | bayan DDR3 | 204 | 1.35V |
| DDR4 | 2014 | 260 | 1.2V |
| DDR5 | 2020 | 262 | 1.1V |

Kowane nau'i yana da tsaga a wuri dabam, saboda haka DDR4 ba ya shiga gurbin DDR3, DDR5 ma ba ya shiga na DDR4. Inda aka fi yin kuskure shi ne tsakanin DDR3 da DDR3L, domin siffarsu ɗaya ce. Kwamfutoci da yawa masu furosesar Intel zubi na huɗu da na biyar DDR3L suke buƙata, kuma in aka sa musu DDR3 mai 1.5V suna iya ƙin tashi. A jikin takardar katin ana rubuta PC3L ga DDR3L, PC3 kuma ga DDR3.

### Yawan da ake buƙata

Kamfanin Adobe ya sanya GB 8 a matsayin mafi ƙarancin abin da Premiere Pro ke buƙata, ya kuma ba da shawarar GB 16 ga aikin HD da GB 32 ko fiye ga 4K. Kamfanin Blackmagic Design yana neman GB 16 ga DaVinci Resolve, da GB 32 in za a yi amfani da sashen Fusion. Manhajoji marasa nauyi irin su CapCut suna tafiya da ƙasa da haka a gajeren aiki. Tashi daga GB 8 zuwa 16 shi ne ƙarin da aka fi ganin bambancinsa. Ƙara RAM fiye da abin da aikin ke cikawa ba ya ƙara sauri, domin ragowar a zaune kawai take.

Kowace kwamfuta tana da iyakar da furosesa da babban allonta suka yarda da ita. HP EliteBook Folio 9470m tana tsayawa a GB 16 na DDR3. HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T480 suna da gurbi biyu na DDR4, kuma kamfanoninsu sun ce suna ɗaukar GB 32. Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da fiye da kimanin GB 4, komai yawan abin da aka saka.

### Kati biyu a madadin ɗaya

Idan aka sa kati biyu a gurabe biyu, furosesa yana karanta su lokaci guda ta layi biyu. Katin DDR4-3200 guda ɗaya yana iya miƙa GB 25.6 a daƙiƙa, biyu kuma 51.2. Wannan ya fi muhimmanci ga kwamfutar da ba ta da katin hoto na dabam, domin injin hoton da ke cikin furosesa RAM ɗin kwamfutar yake ara. Don haka kati biyu na GB 8 sukan fi kati ɗaya na GB 16 amfani. In an haɗa katuna masu bambancin sauri, duka biyun za su koma saurin na ƙasa.

### RAM da aka liƙe

Kwamfutoci sirara da yawa suna zuwa da RAM nau'in LPDDR da aka liƙe a jikin allo, kuma ba a ƙara shi. Haka ThinkPad X1 Carbon take. ThinkPad T490 kuwa tana da wani ɓangare a liƙe da gurbi ɗaya a buɗe. Kamfanin Apple ya fara liƙe RAM a MacBook Pro mai allon Retina a 2012, kuma tun fitowar furosesar M1 a Nuwamban 2020 RAM ɗin MacBook yana haɗe da furosesa, ma'ajiyar ma a liƙe take. Mai sayen irin wannan kwamfuta sai ya zaɓi girman da zai ishe shi tun ranar saye.

## Ma'ajiya

Ma'ajiya ita ce inda Windows da manhajoji da fayiloli ke zama ko da an kashe kwamfuta. Iri uku ake samu.

HDD faifai ne mai juyawa da allura mai karatu. Na kwamfutar tafi-da-gidanka mai faɗin inci 2.5 ne, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, kuma yana miƙa kimanin MB 80 zuwa 140 a daƙiƙa. Babban rauninsa shi ne idan aka nemi fayiloli da yawa lokaci guda, domin sai allurar ta riƙa kai-komo tsakaninsu. Faɗuwa ko girgiza yana iya lalata shi.

SSD na SATA ba shi da abin da ke motsi a ciki. Yana kai kimanin MB 550 a daƙiƙa, wanda shi ne iyakar mahaɗar SATA III. Mai inci 2.5 yana shiga daidai gurbin tsohon HDD. A tsofaffin kwamfutoci masu gidan DVD ana iya cire gidan a sa wani maƙali da ke ɗaukar faifai na biyu.

SSD na NVMe siririn kati ne da ke shiga gurbin M.2. An fitar da ƙa'idar NVMe a 2011. A kan PCIe 3.0 yana kai kimanin MB 3,500 a daƙiƙa, a kan PCIe 4.0 kuma kimanin 7,000. Lambar da ake gani a jikinsa girmansa take nunawa: 2280 na nufin faɗin milimita 22 da tsawon 80, akwai kuma 2242 da 2230. M.2 sunan siffar gurbi ne kawai. Akwai gurbin M.2 da SATA kaɗai yake karɓa, akwai na NVMe kaɗai, akwai mai karɓar duka biyun, don haka kati yana iya shiga gurbi amma kwamfuta ta kasa ganinsa.

### Sauri da girma

Bidiyon 4K da aka ɗauka a kan megabit 100 a daƙiƙa yana buƙatar MB 12.5 ne kawai a daƙiƙa, wanda ko HDD zai iya miƙawa. Matsalar tana tasowa ne idan aka jera kyamarori da yawa, ko aka yi aiki da tsari mai nauyi. ProRes 422 HQ a 4K mai hotuna 25 yana cin sama da MB 90 a daƙiƙa, don haka kyamarori huɗu sun fi ƙarfin HDD amma SSD na SATA zai ɗauke su. Wannan ya sa tashi daga HDD zuwa kowane irin SSD ya fi kawo sauyi a kan tashi daga SATA zuwa NVMe. Amfanin NVMe ya fi bayyana wajen kwafe manyan fayiloli da aiki da bidiyon da ba a matse shi sosai ba.

Girma kuwa lissafinsa a fili yake. A kan megabit 100, awa ɗaya GB 45 ce. Idan an ɗauki awa 5 domin kashi ɗaya na shiri, GB 225 ke nan, kuma zango mai kashi 13 zai kusa TB 3. Faifan da aka rubuta TB 1 a jikinsa Windows tana nuna shi a matsayin GB 931, saboda bambancin yadda ake ƙirga. SSD yana rage sauri idan ya kusa cika, shi ya sa ake barin wani ɓangare babu komai.

Inda kwamfuta ke da gurbi biyu, akan sa Windows da manhajoji a faifai ɗaya, bidiyon aiki da fayilolin wucin-gadi na manhaja a ɗayan. Inda gurbi ɗaya ne, SSD na waje yana cike giɓin, amma saurinsa ya dogara da mahaɗa: USB 2.0 megabit 480 ne, USB 3.0 gigabit 5, Thunderbolt 3 kuma gigabit 40. Faifan da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai GB 4, don haka exFAT ake amfani da shi in za a riƙa kai faifai tsakanin Windows da Mac.

## Gano inda matsalar take

Kafin a sayi komai, ana buɗe Task Manager a Windows yayin da bidiyo ke tafiya a cikin manhajar tacewa. Idan RAM ya kusa cika, shi ne abin ƙarawa. Idan faifai ya tsaya a kashi 100 cikin 100, SSD ake buƙata. Idan furosesa ko injin hoto ne ya cika alhali RAM yana da sarari, babu ɗaya daga cikin ƙarin biyu da zai warware matsalar. Task Manager yana kuma nuna gurabe nawa ne ke da kati. Manhajar CPU-Z tana bayyana nau'in RAM da saurinsa, littafin gyara na kamfanin da ya ƙera kwamfutar kuma yana nuna iyakarta da irin gurbin M.2 ɗinta.

## Yadda ake aikin

1. Ana kwafe duk fayiloli masu muhimmanci zuwa wani faifai, a kuma adana lambar buɗe BitLocker in an kulle faifan da shi.
2. Ana kashe kwamfutar gaba ɗaya, a zare caja, a cire batir ko a zare wayarsa in na ciki ne.
3. Mai aikin yana taɓa ƙarfe domin sauke lantarkin da ya taru a jikinsa, yana kuma riƙe kati ta gefe.
4. Katin RAM ana tura shi a karkace, sannan a danna shi ƙasa har maƙalan gefe biyu su kama. Katin M.2 ma a karkace yake shiga, a ɗaure shi da ƙaramar kusa ɗaya.
5. Ana loda sabuwar Windows a sabon faifan, ko a kwafe tsohon kacokan da manhaja irin Clonezilla.
6. Ana gwada RAM da MemTest86, a duba lafiyar faifan da CrystalDiskInfo.

Bayan an sa sabon RAM, musamman DDR5, kwamfuta tana iya daɗewa da baƙin allo a tashin farko yayin da take daidaita shi.

## A Kano

Ofisoshin shirya finafinai da ɗakunan tacewa da yawa suna titin Gidan Zoo ne. Akwai kuma aikin da ke da alaƙa da yankunan masana'antu na Bompai da Sharada da Challawa, inda kamfanonin robobi da kayan abinci da lemo da fata suke, kuma tallar kayansu a talabijin da Facebook da TikTok na daga cikin abin da masu ɗaukar bidiyo ke samun kuɗi da shi. Gidan Rediyon Freedom, wanda ya fara aiki a 2003, a Sharada yake, kuma shi ma yana wallafa bidiyo a intanet.

Ana sayen kwamfuta da sassanta a titin Beirut da kasuwar Farm Centre, kuma kaya da dama suna zuwa ne ta Computer Village da ke Ikeja a Legas. Da yawansu kwamfutocin ofis ne da aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad, waɗanda sauƙin buɗewa da gurabensu biyu suka sa suka dace da ƙari. Da yake daga waje ake shigo da sassan, farashinsu yana bin dala, kuma ya tashi bayan sakin darajar naira a Yunin 2023. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya sake tashi a duniya saboda buƙatar cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira.

Kayan hannu suna buƙatar bincike. SSD yana da iyakar rubutun da zai ɗauka, kuma da yawa masu girman TB 1 an ƙayyade musu TB 600. CrystalDiskInfo tana nuna awannin da faifai ya yi yana aiki da yawan abin da aka rubuta a kansa. Akwai kuma faifan jabu da ke nuna girman da ba shi da shi, wanda ke goge tsofaffin fayiloli da zarar ainihin girmansa ya cika. Manhajar H2testw tana tona wannan ta hanyar cika faifan ta sake karanta shi.

Yanayin garin ma yana da tasiri. A watan Afrilu zafi yakan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas, yawancin SSD kuwa an ƙera su ne su yi aiki ƙasa da maki 70, kuma na NVMe yana rage saurinsa da kansa in ya yi zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da hanyar iska, lamarin da ke sa furosesa ma ya rage gudu, har a zaci ƙarancin RAM ne. Busasshiyar iskar hunturu tana kuma ƙara taruwar lantarki a jikin mutum, wanda ke iya ƙona kati, don haka sauke shi kafin taɓa sassan ya fi zama dole a wannan lokaci.

Wutar lantarki daga kamfanin KEDCO take zuwa, wanda ke kula da Kano da Katsina da Jigawa. Batir yana kare kwamfutar tafi-da-gidanka daga ɗaukewar wuta, amma kwamfutocin hannu da yawa batirinsu ya mutu, kuma yankewar wuta ana cikin rubutu tana iya lalata fayil ɗin aiki. Kwamfutoci da yawa suna rage ƙarfi in suna kan batir, saboda haka fitar da aiki ya fi sauri in caja na jone.

## Iyakar abin da ƙarin ke yi

Fitar da bidiyo na ƙarshe aikin furosesa da injin hoto ne, kuma RAM ko SSD ba sa gajarta shi sosai sai in dama su ne suka yi ƙaranci. Furosesar Intel tana da sashen Quick Sync tun 2011, amma cikakken warware H.265 ya fara ne daga zubi na shida, mai bit 10 kuma daga zubi na bakwai. Kwamfutar da ta girmi haka za ta ci gaba da wahala da bidiyon sababbin wayoyi ko da an cika ta da RAM. Mafita a nan ita ce a sa manhaja ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi a yi tacewar da su, sannan ta koma kan na asali lokacin fitarwa. Premiere Pro da DaVinci Resolve duka suna yin haka.

Akwai kuma batun shekarun kwamfutar. Microsoft ta dakatar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Sababbin fitowar manhajojin tacewa ma suna daina karɓar tsofaffin furosesoci. Kuɗin da za a kashe a kan kwamfutar DDR3 yana iya fin amfani in aka haɗa shi aka sayi wadda ta fi ta sabunta.

SSD ba ya maye gurbin kwafin ajiya. Yana iya mutuwa ba tare da wata alama ba, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi na HDD wuya. Ƙa'idar da masu harkar bidiyo ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A nan ne tsohon HDD da aka cire ke da amfani: ana sa shi cikin gidan USB ya zama wurin ajiye bidiyon asali, domin fitowar da aka ɗauka da 'yan wasa da kayan haya ba a sake ta sai da sabon kuɗi.